Littattafan zane masu nuna jinin da ke cikin labaran Littafi Mai Tsarki: gaskiya ce ko neman kasuwa?

Ɗan_Alƙalami
Jama'a barkanmu da war haka. Akwai wasu littattafan labari na zane da ake bugawa a Amurka da Turai, suna ɗauko labaran Littafi Mai Tsarki su zana ba tare da sakaya komai ba: sara, suka, fyaɗe, gawawwaki. Biyu na karanta. Na farko na Robert Crumb ne, ya fito a 2009, ya zana littafin Farawa kaf, sura 50 ɗin nan, bai tsallake ko ɗaya ba. Na biyu The Goddamned, wanda Jason Aaron ya rubuta R. M. Guéra ya zana, kamfanin Image ya fara fitar da shi a 2015, labarin Kayinu yana yawo a duniya kafin ruwan tsufana. Matsayata ita ce: wanda ya goge jinin da ke cikin littafin don kada ran mutane ya ɓaci ya taɓa labarin, daidai da wanda ya ƙara jinin da babu shi. Ina so in ji ta bakinku, musamman manyanmu da ke nan.

MamanTagwaye
Ɗana, ni abu ɗaya na sani. Yaro in ya ga littafi mai hotuna, nasa ne a wurinsa. In kuma ya ga sunan Nuhu ko Yusufu a bango, uwarsa ma ba za ta duba ciki ba, murna za ta yi yaronta ya kama karatun Maganar Allah. Nan haɗarin yake.

Ɗan_Alƙalami
Gaskiyarki Mama. Amma na Crumb an rubuta a bangonsa cewa yara kada su karanta sai da kulawar babba. Ɗayan ma an sa masa alamar na manya ne.

MamanTagwaye
A waya suke karantawa yanzu. Waya ba ta da bango.

Malamin_Lahadi
Bari in kawo abin da na gani da idona. Ina koyar da ajin matasa, masu shekara 14 zuwa 17. Muna karanta 1 Sama'ila 17, na ce kowa ya karanta aya ɗaya ɗaya. Da muka kai aya ta 51, inda Dawuda ya zare takobin Goliyat ya datse masa kai, yarinyar da layi ya zo kanta ta tsaya cak. Ta ɗago ta ce, "Malam, ba da majajjawa aka gama ba?" Duk littattafan hotuna da ta taso da su a dutsen nan suke tsayawa: ƙato ya faɗi, yaro ya ɗaga hannu, an juya shafi. Aya ta 54 kuma ta ce Dawuda ya ɗauki kan ya kai Urushalima. Wani yaro a baya ya tambaye ni me kuma aka ɓoye musu. Tambayar ta fi komai damuna, domin yaron da ya fara zargin ana ɓoye masa abu, gobe wani ne zai buɗe masa, kuma ba lallai mai ƙaunarsa ba ne. Don haka ina tare da Ɗan_Alƙalami rabin hanya.

Rahila_K
Rabin hanya ina ne Malam? 

Malamin_Lahadi
Inda aka faɗi abin da ya faru ba ƙari ba ragi. Daga nan zuwa inda ake cika shafi biyu da hanji a waje, ba na bin su.

Baba_Fasto
Salama gare ku 'ya'yana. Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ina so ku lura da wani abu game da yadda Littafin kansa yake ba da labarin mugunta. Ba ya ɓoyewa, wannan gaskiya ne. A Mahukunta 3, Ehud bahago ya soki Eglon sarkin Mowab, aka ce takobin ya shige har ƙotarsa, kitse ya rufe shi. A sura ta 4, Yayel ta ɗauki turken alfarwa da guduma ta kafe kan Sisera da ƙasa yana barci. Wanda ya ce babu jini a ciki bai karanta ba.

Amma ku buɗe Mahukunta 19, labarin ƙwarƙwarar Balawen nan a Gibeya, wanda a ganina babu labari mai ɗaci kamarsa a Tsohon Alkawari. Mutanen gari suka yi ta cin zarafinta dare guda cur. Nawa marubucin ya ba wannan daren? Aya ɗaya. Bai shigar da mu wurin ba, bai kwatanta jikinta ba. Sai da gari ya waye ya nuna mana ita a kwance a bakin ƙofa, hannuwanta a kan dokin ƙofar. Maigidanta ya fito ya ce ta tashi su tafi, ba amsa. Hannuwan nan su ne abin da marubucin ya so mu gani, mace da ta ja jiki har ƙofar gidan da ya kamata ya kāre ta. A ƙarshen surar kuma aka ce wa jama'a su yi tunani, su yi shawara, su yi magana. To mai zanen da ya ɗauki wannan labari, ina zai kashe tawadarsa? In a daren ya kashe ta, ya bar hanyar marubucin, ko da kowace kalma da ya sa daga Littafin ya kwafo ta.

Ɗan_Alƙalami
Baba, wannan magana ta shige ni. Amma a sura ɗayan nan ne fa aka yanka gawarta gunduwa 12 aka aika ko'ina cikin Isra'ila.

Baba_Fasto
Haka ne, shi ma aya ɗaya. Ka ƙirga da kanka.

Mai_Tawada
Ni zane ne sana'ata, bari in faɗi abin da masu karatu ba su cika lura da shi ba. Marubuci yana da damar yin shiru, mai zane ba shi da ita yadda kuke zato. Farawa 4:8 cewa kawai ta yi Kayinu ya tasar wa ɗan'uwansa Habila ya kashe shi a saura. Da me? Ba a faɗa ba. Fuskarsa fa, fushi ne ko tsoro? Habila ya juyo ya gan shi ko ta baya ya zo? Duk ba a faɗa ba. Ni kuwa da na ɗora alƙalami a takarda dole in amsa waɗannan duka. Masu zanen Ingila na zamanin da sun riƙa sa wa Kayinu muƙamuƙin jaki a hannu, wasu dutse, wasu kulki, alhali babu ko ɗaya a nassin. Kenan babu wani zane da za a ce ba ƙari ba ragi, kamar yadda Malamin_Lahadi yake so. Kowane zane tafsiri ne.

Abin da muke da shi na yin shiru shi ne farin filin da ke tsakanin akwatin zane da na gaba. Akwati na farko hannu a sama riƙe da dutse, na biyu tumaki sun watse. Mai karatu ne ya yi kisan a kansa. Gwanaye sun san wannan, kuma sau da yawa ya fi nuna ƙwaƙwalwa a ƙasa tayar da hankali. Wanda ya nuna komai yakan yi ne don bai yarda da mai karatunsa ba, ko don ya san abin da ke sayar da littafi.

Yohanna_92
The Goddamned dai ai bai yi ƙarya ba, Littafi Mai Tsarki ya ce Allah ya la'anci Kayinu ba zai taɓa mutuwa ba.

Rahila_K
A'a ɗan'uwa, ba haka aka rubuta ba. Farawa 4:15 cewa ta yi an sa masa alama don kada wanda ya same shi ya kashe shi, kuma wanda ya kashe shi za a rama sau 7. Babu inda aka ce ba zai mutu ba. Rashin mutuwar ƙirƙirar marubucin littafin zanen ce. Ka ga abin da Mama take tsoro ke nan, har mu manya ya fara cakuɗe mana.

Ɗan_Alƙalami
Rahila ta yi daidai. Aaron bai ce fassara yake yi ba, labarinsa ne ya gina a gefen nassi. Ya ajiye shi shekara 1655 bayan fita daga Aidan, kuma in ka tara shekarun zuriyar da ke Farawa 5 da shekarun Nuhu, ruwan ya zo a ta 1656. Wato ana saura shekara ɗaya. Ya yi karatu, ba da ka ya yi ba. Abin da ya riƙe ni a littafin shi ne Farawa 6:11, inda aka ce duniya ta lalace ta cika da zalunci. Tun ina yaro nake jin ayar, amma hoton da ke kaina na jirgi ne da raƙuman dawa suna leƙe ta taga. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin irin lalacewar da za ta sa Mahalicci ya yi baƙin cikin yin mutum ba. Guéra ya zana duniyar da ba ciyawa, ba tausayi, yara ana jan su da igiya. Gani ya kori ji. Na koma na karanta waƙar Lamek a Farawa 4, mutum yana yi wa matansa taƙama cewa ya kashe wani don ya ji masa rauni, sai na ga irin mutanen ke nan.

Abu_Hanan
Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, na daɗe a zauren nan ina karatu ban cika magana ba, amma wannan ta shafe mu. Annabi Nuhu, Annabi Lut, Annabi Dawud, alaihimus salam, namu ne mu ma. A wurinmu tun kafin a kai ga maganar jini an riga an tsaya, domin zana surar annabi abu ne da jumhurin malamanmu suka hana. Shi ya sa fim ɗin Noah na 2014 aka hana nuna shi a Katar, Bahrain, Daular Larabawa, Malesiya da Indonesiya. Labarin 'ya'yan Adamu biyu yana cikin Suratul Ma'ida, daga aya ta 27, kuma shi ma bai kwatanta kisan ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne hankaka da ya zo yana tona ƙasa don ya nuna wa mai kisan yadda zai binne ɗan'uwansa, da nadamar da ta biyo baya. Sai na ga ya yi kama da abin da Baba_Fasto ya faɗa game da hannuwan matar nan. Tambayata ga 'yan'uwa Kirista: na ji an ce a The Goddamned an mai da Annabi Nuhu azzalumi mai bautar da mutane. Ku hakan bai ƙona muku rai?

Baba_Fasto
Malam Abu_Hanan, sannu da zuwa, mun gode da ladabin maganarka. Yana ƙona mana rai ƙwarai. Farawa 6:9 ta kira Nuhu adali marar aibu a zamaninsa, 2 Bitrus 2:5 ta kira shi mai wa'azin adalci. Wanda ya mai da shi shugaban 'yan ta'adda ya juya labarin ne a kansa.

Ɗan_Alƙalami
E, haka aka nuna shi, shugaban rundunar masu saran itace, yana kama mutane bayi don aikin jirgi. Wannan ɓangaren ni ma ban kare shi ba.

Tambaya_Ɗaya
Amma Littafin da kansa bai wanke jarumansa ba fa. Nuhu ya sha ruwan inabi ya bugu ya kwanta tsirara a Farawa 9. Lutu da 'ya'yansa mata a sura ta 19. Dawuda ya sa aka kashe Uriya don matarsa. Crumb ya zana biyun farko yadda suke a rubuce, mutane suka yi ta fushi da shi, alhali ba shi ya rubuta ba.

Abu_Hanan
Nan muka rabu. Mu ba mu karɓi waɗannan ruwayoyin a kan annabawa ba. Ban faɗa don jayayya ba, don a san inda kowa ya tsaya ne.

Mai_Kula_Da_Zaure
Muna jin daɗin yadda ake tafiya cikin mutunci. Tunatarwa: kada kowa ya ɗora hotunan shafukan littattafan nan a nan, akwai ƙanana a cikinmu. Na cire guda biyu.

Tsohon_Ɗalibi
Wannan rigima ta girmi yawancinmu. A 1942 wani Ba'amurke, M. C. Gaines, ya fara buga Picture Stories from the Bible, labaran Littafi Mai Tsarki cikin zane don yara, tsaf-tsaf ba abin tayar da hankali. Da ya rasu a 1947 ɗansa William ya gaji kamfanin, ya juya shi zuwa labaran ban tsoro da kisan kai, kuma su ne suka kawo kuɗi. A 1954 har gaban wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya bayyana, aka ɗaga masa bangon wata mujallarsa mai hoton mutum riƙe da gatari da kan mace a yanke. A shekarar ce kamfanonin littattafan zane suka kafa wa kansu hukumar tacewa, wadda ta hana zubar da jini ƙuru-ƙuru, ta kuma hana yi wa kowane addini ba'a. Ta yi ta raguwa har ta mutu a 2011. Littattafan da muke magana a kai na zamanin da tacewar ta raunana ko ta mutu ne, sai alamar shekaru a bango.

Kuma kafin littattafan zane, masu fenti na Turai sun yi abin da ya fi haka. Artemisia Gentileschi ta zana Judit, wata Bayahudiya, tana yanka Holofanis, shugaban rundunar Assuriya, jini na tsartuwa a kan shimfiɗa, yau yana rataye a gidan tarihi na Uffizi a Italiya, ana kai 'yan makaranta su gani. Zanen Gustave Doré na ruwan tsufana, na 1866, iyaye ne suna tura jariransu kan dutse ruwa na cin su, kuma an buga shi cikin Littattafai Masu Tsarki na iyali.

Yohanna_92
To me ya sa na Doré ibada ne na Guéra kuma saɓo?

Mai_Tawada
Tambaya mai kyau. Ni dai ina duba wa mai zanen yake so in tausaya wa. A na Doré zuciyarka tana wurin masu nutsewa. A wasu shafukan na zamani an tsara hoton ne don ka ji daɗin saran, ka ce kai, wannan gwani ne. Amma ba zan ce duk shafukan Guéra haka suke ba, akwai inda ya sa ni na ajiye littafin don tausayi.

Rahila_K
Akwai abin da ba wanda ya taɓo sai Baba. Yawancin wannan ta'asar a kan mata take sauka. Dinatu a Farawa 34: an ci zarafinta, an yi cinikin aurenta, 'yan'uwanta Saminu da Lawi sun karkashe mazan gari guda saboda ita, amma daga farkon surar har ƙarshe ba ta furta kalma ɗaya ba. Na duba yadda Crumb yake zana mata. Mutumin ya yi suna tun shekarun 1960 da zanen batsa, kuma ko da ya ce a nan aikin zane kawai ya yi ba ba'a, hannunsa bai canja ba: manyan cinyoyi, manyan ƙirji, kusan kowace mace. Idan mace da aka taɓa yi wa irin abin da aka yi wa Dinatu ta buɗe shafin, me za ta gani, ciwonta ko abin kallon maza? Ina so a faɗi labaran nan, ina ma fushi da yadda ba a wa'azi a kansu. Tamar 'yar Dawuda a 2 Sama'ila 13 ta yi magana, ta roƙi Amnon, ta yaga rigarta ta zuba toka a ka ta tafi tana kuka. Wannan ya cancanci mai zane na ƙwarai. Amma a ba wanda zai kalli fuskarta.

MamanTagwaye
Allah ya yi miki albarka 'yata. Kin faɗi abin da na kasa faɗa.

Tambaya_Ɗaya
Yaya Rahila, ban musa ba. Sai dai a yi wa Crumb adalci ta wani gefen: ya faɗa a gabatarwarsa cewa shi bai gaskata littafin Maganar Allah ba ne, maganar mutane ce a wurinsa, duk da haka ya shafe kusan shekara 4 yana aikin, har jerin sunayen zuriya da kowa ke tsallakewa ya zana wa kowane mutum fuskarsa daban. Masu bi da yawa ba su ba Farawa irin wannan lokacin ba.

Bawan_Allah_7
Duk wannan dogon turanci ne. Filibiyawa 4:8 ta gama magana: abin da ke mai tsarki, abin ƙauna, a kansa za mu yi tunani. Kuma Crumb ya zana Allah da kansa, tsoho mai dogon farin gemu. Wannan kaɗai ya isa in ƙi taɓa littafin.

Malamin_Lahadi
Ɗan'uwa, ayar da ka kawo da "abin da ke gaskiya" ta fara. Kuma tsakiyar bangaskiyarmu mutum ne da aka yi wa bulala aka kafa da ƙusoshi. Maganar zana Allah kuwa ina tare da kai, ko da yake Mikelanjelo ma haka ya yi a rufin ɗakin sujada na Sistin a Batikan.

Rahila_K
Ga masu neman na tsakiya: The Action Bible na 2010, wanda Sergio Cariello ya zana, mutumin da ya yi wa kamfanonin littattafan zane na Marvel da DC aiki. Akwai yaƙi da motsi amma an yi shi don yara. Akwai kuma The Manga Bible na Siku, na 2007, ya fi dacewa da matasa.

Mai_Tawada
Na Cariello yana da nasa abin dubawa. Kowa ƙaƙƙarfa ne mai murɗaɗɗen jiki kamar jaruman Marvel. Yaƙi ba jini, ba gawa, ba mai kuka, yana koya wa yaro cewa yaƙi abin sha'awa ne. Ban tabbata hakan ya fi lafiya ba.

Ɗan_Alƙalami
Maganar da na fara da ita ke nan. Amma bayan abin da Baba da Yaya Rahila suka rubuta, ina ganin tambayar ta rabu biyu: nawa aka nuna, da kuma a gefen wa mai zanen ya tsaya. Har yanzu ina riƙe da cewa babba mai hankali zai iya karanta na Crumb da Littafinsa a buɗe a gefe ya ƙaru.

Baba_Fasto
Zai iya, in ya riga ya san nassin. Wanda zanen ne farkon haɗuwarsa da labarin, fuskar da aka zana masa ita zai riƙa gani duk ranar da ya buɗe Farawa. Ni ba zan ba sabon mai bi ba.

MamanTagwaye
Ni ko tsohon mai bi ba zan ba shi ba.

Yohanna_92
Akwai wanda ya karanta Judas na Jeff Loveness, na 2017? Na ji labarin Yahuza Iskariyoti ne bayan ya rataye kansa. Shi ma irin su ne ko ya bambanta?

Mai_Tawada
Na karanta, fitowa 4 ne kawai, Jakub Rebelka ya zana. Jini kaɗan ne a ciki, nauyinsa a tambayar yake: idan an riga an rubuta cewa wani zai ba da Yesu, ina laifin wanda aka rubuta wa? Baba_Fasto, a nan ma za ku sami abin cewa, don har Yesu marubucin ya kai cikin Jahannama suka haɗu da Yahuza.

Baba_Fasto
Wannan sai a buɗe masa zaure nasa daban, maganar ƙaddara da zaɓi ba ta ƙarewa a sharhi ɗaya. Wanda ya buɗe ya kira ni, kuma a gayyato Malam Abu_Hanan, ina so in ji yadda malamansu suka warware ta.